Harshen da ke Cikin Aljihu

Darasi domin sababbin masu bi, da masu neman sanin hanyar Almasihu

 Kafin ka shiga darasin nan ka buɗe Littafi Mai Tsarki, ka karanta wasiƙar Yaƙub sura 3, daga aya 1 har 12. In kuwa wani ne ke karanta maka, ka roƙe shi ya fara daga can, gama a kan wannan wuri za mu kafa maganarmu duka.

A ƙasar Wamakko, tun daga Kalambaina har Dundaye, akwai gardama uku waɗanda ba su ƙarewa. Za ka ji su a teburin mai shayi, da ƙofar masana'antar siminti, da ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ta fari a kan na'urorin zamani ce, ko alheri suka kawo ko hasara. Ta biyu a kan masu mulki ce, wa ya cancanta, wa ya ci amana. Ta uku a kan aiki ce, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, da tsoron kada inji ya karɓe abincin mutum. Dukansu kuwa yanzu ta ƙofa ɗaya su ke shigowa gidanka, watau wayar hannun da ke aljihunka. Sabon mai bi ya kan tambaya ya ce, To, ni yaya zan yi? In yi shiru ne, ko in sa baki? Amsar da mu ke so ka riƙe ita ce wannan: Allah bai ba yatsa wata shari'a dabam da ta harshe ba. Abin da ka rubuta, da abin da ka aika gaba, maganarka ce a gabansa, daidai da wadda ka faɗa da bakinka a tsakiyar kasuwa.

1. Ƙarfe ba shi da zunubi

Waɗansu 'yan'uwa, saboda tsoron Allah, sun ce waya kayan Shaiɗan ce, gara a yar da ita. Littafi bai koya mana haka ba. Cikin Farawa sura 4 an ambaci Tubal-kayinu, maƙerin tagulla da ƙarfe; cikin Fitowa sura 31 kuma Allah da kansa ya cika Bezalel da hikimar sana'a domin aikin alfarwa ta sujada. Gwanintar hannu kyauta ce daga wurin Allah. Amma ka duba Farawa sura 11. Mutanen Babila sun san dabarar gasa tubali, dabara mai amfani ƙwarai, sai suka ɗauke ta su gina hasumiya domin neman suna. Tubalin bai yi laifi ba. Girman kan maginan ne ya jawo musu hukunci.

Haka abin ya ke har zamaninmu. Da injin ɗab'i aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa a 1932. Rediyo ta kai bishara ƙauyukan da ƙafar mai wa'azi ba ta taɓa takawa ba. Amma a ƙasar Ruwanda, a 1994, wata tashar rediyo ta yi ta zuga maƙwabci ya tasam ma maƙwabcinsa, har tana kiran sunayen waɗanda za a kashe. Cikin kwana ɗari aka hallaka mutum wajen 800,000. Abin kunya kuwa, da yawa cikin masu kisan nan sun saba zuwa sujada ran Lahadi. Ka lura da wannan, kada ka ce sunan Kirista shi kaɗai zai tsare ka.

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta 2001. Mun gode wa Allah dominta. Manomin albasa a fadama ya kan ji kuɗin buhu a Legas tun bai yi lodi ba. Uwa ta kan ji muryar ɗanta da ke Fatakwal. Mai ciwo ya kan sami kuɗin magani cikin dare. Sai dai ka tuna da misalin Yaƙub, wanda ya kwatanta harshe da ɗan ƙaramin garwashi da ke cinye babban kurmi. A dā mai tsegumi sai ya taka da ƙafarsa zuwa rijiya ko majalisa, kafin ya gama yawo rana ta faɗi, wani lokaci ma dattijo ya tsawata masa a hanya. Yau kana kwance a kan tabarmarka, da yatsa ɗaya za ka kunna wutar da za ta kai Kano da Maraɗi kafin ka sa takalmi. Garwashin dai shi ne na dā, amma ciyawar ta bushe kamar tsakiyar hunturu, iska kuma tana kaɗawa.

2. Mai ɗaukar ƙarya abokin mai ƙirƙira ne

Yawancinmu ba mu ƙaga labari. Abin da mu kan yi shi ne, wani ya aiko mana, mu kuma mu aika gaba, sa'an nan mu ce, Ai ni ma turo mini aka yi. Ka karanta Fitowa sura 23, aya 1 da 2. Can Allah ya hana jama'arsa baza labarin ƙarya, ya kuma hana su bin taro zuwa mugunta. Hanin ya hau kan mai ɗauka kamar yadda ya hau kan mai ƙagawa. Wanda ya ɗauki kayan sata ya kai kasuwa, alƙali ba ya sallamarsa domin ya ce ba shi ya fasa ɗakin ba.

Ga abin da ya faru a idon mutane da yawa da ke raye. A watan Yuli 2014 cutar Ebola ta shigo Legas. A farkon Agusta sai wani saƙo ya bazu ta waya cikin dare ɗaya, wai kowa ya yi wanka da ruwan gishiri mai zafi, ya kuma sha, shi ne kariya. Aka yi ta tashin mutane daga barci. Waɗansu suka sha gishirin da ya fi ƙarfinsu, aka kwantar da su a asibiti, waɗansu ma suka mutu. Cutar kuwa iyakarta Legas da Fatakwal, mutum 20 ta kama, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta ƙare a ƙasarmu. Ebola ba ta zo Arewa ba, amma ƙaryar ta zo. Waɗanda suka aika saƙon nan kuma ba miyagu ba ne. Ƙaunar 'yan'uwansu ce ta sa su. Ka gani ke nan, kyakkyawar niyya ba ta mai da ƙarya gaskiya.

Har wa yau ka tuna da zancen nan da aka yi ta yaɗawa, wai Shugaba Muhammadu Buhari ya mutu, an sa wani Jibrin na Sudan a madadinsa. Zancen ya yi ƙarfi har ya zama dole shugaban ƙasa ya tsaya a ƙasar Folan a watan Disamba 2018 ya ce shi ne da kansa. A lokacin nan da baki da hotuna kawai aka yi aikin. Yanzu kuwa akwai abin da a ke kira ƙirƙirarriyar basira, watau kwamfuta da aka horar da ita da rubutun mutane da muryoyinsu da hotunansu masu ɗimbin yawa, har ta iya kwaikwayonsu. Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen 2022 irin waɗannan na'urori suka shiga hannun kowa. Ana iya ɗaukar muryar sarki, ko limami, ko fasto, a sa ta faɗi abin da mai ita bai taɓa faɗa ba. Kakanninmu sun ce gani ya kori ji. A kan waya kam, ganin ma sai an bincike shi.

Saboda haka, kafin ka aika kowane labari gaba, ka tsaya ka tambayi kanka. Wa ya fara faɗinsa, yana da suna? Yaushe abin ya faru, a wane gari? Akwai wani amintacce dabam da ya faɗa, kamar gidan rediyon da ka sani, ko likita, ko wanda ya ke wurin? Littafin Misalai, watau Karin Magana, sura 18 aya 17, ya nuna mai fara kawo ƙara shi a kan ɗauka mai gaskiya ne, sai abokin shari'arsa ya zo tukuna. In saƙo ya zo da gaggawa, yana cewa ka aika wa mutum goma yanzu-yanzu, ko ya sa jininka ya tafasa nan take, wannan ma alama ce ka dakata. Labarin da ya ke gaskiya ba zai ruɓe ba in ya kwana.

3. Ƙuri'arka da bakinka a lokacin siyasa

Mutanen Wamakko ba baƙin siyasa ba ne, gama ɗan garin, Aliyu Magatakarda Wamakko, ya yi gwamnan Jihar Sakkwato daga 2007 zuwa 2015, daga nan ya tafi Majalisar Dattawa. Ikilisiya ba ta gaya maka jam'iyyar da za ka bi. Cikin sujada ɗaya za ka sami 'yan'uwa biyu, wannan yana nan, wancan yana can, dukansu kuwa gurasa ɗaya su ke karya a teburin Ubangiji. Amma akwai abin da Maganar Allah ta faɗa a fili.

Kada ka raina ƙuri'arka. A zaɓen gwamna na 2019 a jihar nan, bayan an sake zaɓe a waɗansu rumfuna, Aminu Waziri Tambuwal ya rinjayi Ahmed Aliyu da ƙuri'a 342 kacal, cikin ƙuri'u fiye da miliyan ɗaya. Mutanen unguwa ɗaya sun fi haka yawa. A 2023 kuma Ahmed Aliyu ya ci. Wanda ya ce ƙuri'a ɗaya ba ta kome, bai yi lissafi ba.

Gardamar na'ura ta shiga nan ma. A zaɓen 2023 Hukumar Zaɓe ta yi aiki da na'urar da ke tantance mai jefa ƙuri'a ta yatsa ko ta fuska, ta kuma ɗauki hoton takardar sakamako domin a aika ta intanet kowa ya gani. Ran 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau intanet a kan lokaci ba, aka yi ta jayayya har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Oktoba na shekarar. Waɗansu sun ce a ƙara dogara ga na'ura, waɗansu sun ce na'ura ma hannun mutum ke riƙe da ita. Kana da 'yancin ra'ayinka cikin wannan. Abin da za ka sani dai shi ne, na'ura tana iya gane yatsanka, amma ba ta iya gane ko an saye shi. Wannan tsakaninka da Allah ne. Isuwa ya sayar da gādonsa na ɗan fari a kan ƙwaryar fate saboda yunwar yini ɗaya, ya yi kuka daga baya bai same shi ba. Wanda ya karɓi taliya da sabulu da 'yan kuɗi ya dangwala, ya sayar da shekara huɗu na asibitin ƙauyensu da makarantar 'ya'yansa. Mun san talauci yana da zafi, ba mu raina yunwar kowa ba. Amma Fitowa 23 aya 8 ta ce toshiya tana makantar da mai gani, Hausawa kuma sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai kuma wata sana'a sabuwa da a ke kiran samari zuwa gare ta. A kan saya wa yaro data, a ba shi ɗan abin kashewa, aikinsa shi ne ya yabi ubangidansa a Facebook, ya zagi abokin hamayya, ya ƙaga masa laifi. Ɗan'uwana, in an kira ka wannan aiki, ka ƙi. Shaidar zur ce da a ke biya wata-wata, doka ta tara cikin Dokoki Goma kuwa ba ta ɗage wa kowa domin kakar zaɓe ta zo.

Wannan ba ya nufin mai bi ya kame bakinsa a gaban zalunci. Annabi Natan ya shiga wurin Sarki Dawuda ya faɗa masa laifinsa ido da ido. Yohanna Mai Baftisma ya tsauta wa Hirudus har ya rasa kansa. Amma ka lura da yadda suka yi. Abin da suka faɗa gaskiya ne tabbatacce, da sunansu suka faɗa, ba su kuwa nemi lada ba. In rijiyar burtsatse ta lalace, ko malaman makaranta ba su zuwa, ka faɗa, ka rubuta, ku tafi wurin kansila ko hakimi. Ka bar iyayen mutum da kabilarsa da addininsa, ka tsaya a kan aikin. Sa'an nan ka yi abin da Bulus ya umarci Timoti cikin wasiƙarsa ta fari sura 2, watau addu'a domin masu mulki, har da wanda ba ka zaɓa ba. Da wuya mutum ya zagi wanda ya yi wa addu'a da asuba.

4. Mai bi a wurin aiki

Masana'antar siminti ta Kalambaina ta ishe mu misali. An kafa kamfanin a 1962, ya fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. Daga baya ya koma hannun BUA, a watan Janairu 2022 kuma aka buɗe sabon sashe wanda shi kaɗai ƙarfinsa tan miliyan 3 ne, watau ninki talatin na farkon. A irin wannan masana'anta ana niƙa dutsen farar ƙasa, a gasa shi cikin babban tanderu mai juyawa, da zafi wajen digiri 1,450, mutane kaɗan kuwa ke lura da shi daga ɗaki ta fuskar kwamfuta. Siminti ya ninka sau talatin, amma ba a bukatar hannuwa ninki talatin. Daga nan tsoron ya ke fitowa, yanzu ma har akawu da mai fassara da malamin makaranta suna tambaya ko kwamfuta za ta ture su.

Tsoron nan ba sabo ba ne. A Ingila, a 1811 da 1812, masaƙa suka riƙa fita da dare suna farfasa injunan saƙa; majalisar ƙasar ta sa hukuncin kisa a kan wannan, aka rataye waɗansu, injuna kuwa ba su tsaya ba. A ƙasarmu ma injin niƙa ya kwantar da dutsen niƙa, injin ban ruwa ya kwantar da jigo a fadamun gulbi. Waɗansu sana'o'i sun mutu, waɗansu sun tsiro, kamar gyaran waya da gyaran injin ban ruwan kansa. Ba mu ce babu wanda zai sha wuya ba; akwai, ikilisiya kuwa ta wajaba ta tallafe shi. Amma kai kada ka zauna kana la'antar zamani. Ka koyi abin da za ka iya koya, ka sa 'ya'yanka, maza da mata, su koya, gama Bulus manzo ma da ɗinkin alfarwa ya ci abinci.

In Allah ya sa kai ne mai ɗaukar ma'aikata, ko da yaran shago biyu ne, ka karanta Yaƙub sura 5 aya 4: ladan ma'aikaci da aka danne yana da murya, Ubangiji kuma yana jinta. A watan Yuli 2024 dokar ƙasa ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, bayan doguwar jayayya da ƙungiyoyin ƙwadago. Mai bi ba ya jira doka ta tilasta shi kafin ya biya haƙƙi a kan kari.

In kuwa kai ne ma'aikaci, wayarka tana iya mai da kai ɓarawo ba ka sani ba. An saye sa'o'inka takwas. In ka kashe biyu kana kallon bidiyo, ka karɓi kuɗin abin da ba ka bayar ba. Direban da ke danna waya yana tuƙa tirela cike da siminti yana wasa da rayukan da ba nasa ba. Ma'aikaciyar asibiti da ta ɗauki hoton majiyyaci, da akawun da ya ɗauki hoton takardar ofis ya aika wa abokai, sun ci amana. Kolosiyawa sura 3 ta koya mana mu yi aiki kamar Ubangiji ne da kansa ya sa mu, ko shugaban aiki yana nan ko ba ya nan.

Idan an zalunce ka fa? Ba zunubi ba ne ka nemi haƙƙinka, ko ka shiga ƙungiyar ma'aikata. Amma ka bi matakan da Ubangiji ya shimfiɗa cikin Matiyu sura 18, gama hikimarsu tana aiki a ofis ma: ka fara samun mutumin ku biyu kaɗai, sa'an nan ka tafi da shaidu, sa'an nan ka kai gaba. Wanda ya fara da tona asirin shugabansa a zauren WhatsApp ya rufe ƙofar sulhu da hannunsa. Ka tuna da Daniyel, baƙo mai wani addini dabam a fadar Sarki Dariyus. Abokan aikinsa suka bi diddigin aikinsa duka suna neman abin kama shi, ba su samu ba. A inda masu bi ba su da yawa, littafin da maƙwabta ke karantawa shi ne aikinka.

5. Gardamar addini

Yanzu mun zo wuri mai nauyi, sai mu taka a hankali. Ran 12 ga Mayu 2022, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, cikin ƙaramar hukumar nan, taro ya kashe wata ɗaliba Kirista, bisa zargin ta yi saɓo cikin saƙon murya da ta aika a zauren WhatsApp na ajinsu. Aka ɗauki hoton kisan, ya zaga duniya. Majalisar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ta yi tir da abin, Bishop Matthew Hassan Kukah ma haka, ya kuma roƙi jama'a su kwantar da hankali. Gwamnati ta rufe makarantar, ran 14 ga wata aka sa dokar hana fita a birnin Sakkwato.

Mu faɗi gaskiya a fili. Kisan nan zunubi ne a gaban Allah, laifi ne kuma a dokar ƙasa. Babu maganar da mutum zai faɗa wadda za ta ba taro ikon ɗaukar ransa. Alhakin jinin yana kan waɗanda suka zubar da shi. Ba mu kawo zancen nan domin mu ɗora wa marigayiya kome ba, ko mu sa ka ƙi maƙwabtanka Musulmi, waɗanda da yawansu abin ya ɓata musu rai. Mun kawo shi domin ka san ƙasar da ka ke takawa, ka kuma san abin da Ubangijinka ke so daga gare ka.

Ba ya so ka yi musun sa. In an tambaye ka dalilin begenka, ka amsa; Bitrus cikin wasiƙarsa ta fari sura 3 ya ce mu zauna a shirye domin wannan, ya kuma ƙara da cewa mu yi shi da tawali'u da ladabi. Ka faɗi abin da Almasihu ya yi maka, wannan ya isa. Ba a aiko ka ka taɓa abin da wani ke girmamawa ba. Zauren aji da zauren ma'aikata an buɗe su domin karatu da aiki, ba wurin muhawarar addini ba ne, gama a can babu fuska, babu gaisuwa, kowa kuma yana magana domin 'yan kallo. In abokinka yana son sanin bangaskiyarka da gaske, ku zauna ku biyu a inuwa. In an zage ka, kada ka rama. Romawa sura 12 ta ce ramuwa ta Allah ce, namu shi ne mu rinjayi mugunta da nagarta. Kada kuma ka aika hotunan kisa da ƙone-ƙone gaba, ko da kana cewa domin a yi addu'a ne. Sau da yawa irin hotunan nan tsofaffi ne ko na wata ƙasa, sun kuwa sha jawo ramuwa a kan marasa laifi a wani gari.

6. Ranar lissafi, da ƙofar gafara

Tun watan Disamba 2020 gwamnati ta umarta a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta mai shi, akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015. Watau ko a gaban mutane, mai ɓoye suna bai ɓuya sosai ba. Balle a gaban Allah. Ubangiji Yesu ya faɗa cikin Matiyu 12 aya 36, mutane za su ba da lissafin ko da maganar banza. Kana iya share saƙo daga wayarka, amma ba ka iya share shi daga wayoyin da ya riga ya shiga. Magana zarar bunu ce.

Wataƙila kana karatun nan zuciyarka tana kāshe ka, domin ka tuna ƙaryar da ka baza, ko mutuncin da ka zubar. Kada ka fid da zuciya. Yaƙub da kansa ya ce babu ɗan adam da ya iya horar da harshe. Shi ya sa mu ke bukatar Mai Ceto. Almasihu, wanda aka yi wa shaidar zur, aka zage shi bai rama ba, ya mutu domin zunuban bakinmu ma. Ka hurta laifinka gare shi, zai gafarta. Sa'an nan ka yi irin ta Zakka, wanda ya mayar da abin da ya ƙwace: ka koma zauren da ka aika ƙaryar, ka rubuta cewa labarin nan ba gaskiya ba ne; ka je wurin wanda ka ɓata, ka nemi gafararsa. Abu ne mai ɗaci, amma mutane za su fi gaskata ka bayansa.

Tambayoyi domin nazari

Ku amsa waɗannan tare da malaminku a aji na gaba.

1. Da waɗanne abubuwa Yaƙub ya kwatanta harshe? Wanne ne ya fi kama da wayar hannu?
2. Don me Fitowa 23 ta hana ɗaukar labarin ƙarya, ko da ba kai ka ƙaga shi ba?
3. Ina bambanci tsakanin tsautawar Natan da zagin da a ke biyan yaro ya yi?
4. In an riƙe maka albashi, wane mataki za ka fara ɗauka?
5. Cikin saƙonnin da ka aika makon nan, akwai wanda za ka ji kunya a karanta a gaban ikilisiya? Me za ka yi a kansa kafin Lahadi?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai ka ba mutum hikima ya ƙera, kai kuma ka ke ganin abin da a ke yi a ɓoye. Ka tsare bakina da yatsuna daga ƙarya. Ka ba shugabanninmu adalci, ka ba marasa aiki abin yi, ka ta'azantar da masu makoki, ka ba ƙasar Sakkwato zaman lafiya. Ka sa maƙwabtana su same ni mai gaskiya a gida, da wurin aiki, da kan waya, domin a girmama sunanka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.